Fashin Baƙi: Shin Duk Raunin Garkuwar Jiki Ƙanjamau Ne? Amsa Daga Aikin Likita Robert Good

Shin idan likita ya ce wa iyaye garkuwar jikin ɗansu tana da rauni, ƙanjamau yake nufi a fakaice? Kuma shin akwai wani jiƙo ko wata ƙwaya da mutum zai sha garkuwarsa ta ƙaru, kamar yadda masu tallar magani suke shela a kasuwanni da tashoshin mota da kafafen sada zumunta, musamman tun daga lokacin annobar korona? Tambayoyin nan biyu daga fahimta guda suka fito, wato ɗaukar garkuwar jiki a matsayin abu ɗaya dunƙulalle, kamar ruwa a randa, ko dai ya cika ko ya ragu. Harshenmu ma ya ƙara wa ruɗanin ƙarfi, domin tun da aka raɗa wa ƙanjamau suna "cuta mai karya garkuwar jiki", da yawa daga cikinmu da zarar sun ji an ambaci raunin garkuwa sai zuciyarsu ta tafi can, har ta kai uwa tana iya ɓoye abin da likita ya faɗa mata game da jaririnta saboda tsoron bakin mutane.

Likitoci kuwa sun san cututtukan raunin garkuwa kusan shekara 30 kafin a fara ba da rahoton ƙanjamau a 1981, kuma daga jikin yaran da aka haifa da waɗannan cututtuka aka gano yadda garkuwar kowa take aiki. Babu hanyar da ta fi sauƙi wajen fahimtar wannan kamar bin sawun wani likitan yara ɗan Amurka mai suna Robert Good, wanda ya rayu daga 1922 zuwa 2003, wanda kuma rayuwarsa ta aiki ta ƙare tsakanin gadon jinyar yara da ɗakin bincike.

Mece ce garkuwar jiki, kuma ta yaya take rauni?

Garkuwar jiki runduna ce mai ɓangarori, kowane da aikinsa. Akwai fata da majina da ruwan ciki masu tare ƙwayoyin cuta tun daga ƙofa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da suke haɗiye duk baƙon da suka tarar ba tare da tantancewa ba. Sannan akwai manyan ɓangarori biyu masu koyo da tunawa: ƙwayoyin B, waɗanda suke ƙera sinadaran kariya da likitoci ke kira antibodi su zuba su cikin jini, da ƙwayoyin T, waɗanda suke kashe ƙwayoyin jikin da bairas ya shiga, suke kuma ba sauran rundunar umarni. Duk waɗannan ƙwayoyin jini daga ɓargon ƙashi asalinsu yake.

Raunin garkuwa iri biyu ne. Akwai wanda ake samu bayan haihuwa, kuma shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ƙanjamau yana cikin wannan rukuni, domin ƙwayarsa tana kashe wani nau'in ƙwayoyin T, wanda shi ne ake ƙirgawa idan aka ce za a yi wa majinyaci gwajin CD4. Amma a duniya baki ɗaya tamowa ce kan gaba wajen raunana garkuwa, sai kuma ƙyanda, wadda take goge wani ɓangare na abin da jikin yaro ya riga ya koya game da cututtukan da ya taɓa yi, da ciwon suga da ba a kula da shi ba, da magungunan ciwon daji, da sikila wadda take lalata saifa. Iri na biyu shi ne wanda ake haihuwar yaro da shi, saboda wata tangarɗa a ƙwayoyin gado. Masana sun tantance irin waɗannan cututtuka fiye da 450, daga masu sauƙi waɗanda mutum zai tsufa bai san yana da su ba, zuwa masu kashe jariri kafin ya shekara. Ba a ɗaukar su daga kowa, ba kuma su da alaƙa da halin uwa ko uba. A wannan rukuni na biyu Good ya yi suna.

Likitan da ya mai da majinyata malamansa

An haifi Good a garin Crosby da ke jihar Minesota. Yana ɗalibi a Jami'ar Minesota wata rashin lafiya mai kama da shan inna ta kwantar da shi, har sai da ya koma halartar darasi a keken guragu, kuma ko da ya miƙe ɗingishi bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A 1947 ya kammala digirin likita da digirin digirgir a lokaci guda, ya zaɓi fannin yara.

Shekara biyar bayan haka wani likitan soja, Ogden Bruton, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara takwas da yake ta kwanciya a asibitin sojoji na Walter Reed da cututtukan bakteriya masu shiga jini, yana warkewa yana komawa. Da aka auna jininsa sai aka tarar babu antibodi a ciki. Bruton ya riƙa yi masa allurar antibodin da aka tace daga jinin wasu mutane duk wata, cututtukan suka lafa. Wannan rahoto na 1952 shi ake ɗauka a matsayin mafarin fannin gaba ɗaya.

Good ya shiga tara irin waɗannan yara a Minesota, kuma abin da ya bambanta shi da likitoci da yawa na zamaninsa shi ne irin kallon da yake yi musu. Yakan kira cututtukan "gwaje-gwajen halitta", ma'ana idan aka haifi yaro babu wani ɓangare na garkuwa, cututtukan da suke kama shi da waɗanda ba sa kama shi za su nuna aikin wannan ɓangaren ƙarara. Ya lura cewa yaran da ba su da antibodi limoniya da sanƙarau da ciwon kunne suna wahalar da su, amma sukan yi ƙyanda da ƙarambau su warke kamar sauran yara. To, idan antibodi shi ne garkuwa duka, me ya warkar da su? Sannan a tsakiyar shekarun 1950 ya ga wani babban mutum mai ƙari a taimos, wata 'yar halitta da ke bayan ƙashin ƙirji wadda a lokacin ba a san amfaninta ba, kuma shi ma garkuwarsa ta rushe. Har yau da sunan Good ake kiran wannan cuta. Daga nan ya fara zargin cewa taimos tana da hannu a lamarin, ya sa ɗalibansa suka duƙufa cire ta daga jikin jariran dabbobi. A wannan tsere Jacques Miller, wani matashin mai bincike a Landan, ya riga shi, inda ya wallafa a 1961 cewa ɓerayen da aka cire wa taimos ranar haihuwa ba sa iya yaƙar cuta, kuma jikinsu yana karɓar dashen fatar wani ɓera ba tare da ya ƙi ta ba. Ƙungiyar Good ta kai ga irin wannan sakamako kusan lokaci guda.

Abin da kaji suka koya wa likitoci

Duk mai kiwon kajin gidan gona ya san gumboro, kuma ya san cewa 'yan tsakin da suka tsira daga gare ta sukan zama abin tausayi: kowace cuta ta zo sai ta kwashe su, rigakafin Lasota ma ba ya kama su yadda ya kamata. Dalili shi ne ƙwayar gumboro tana cinye wata 'yar jaka da ke saman duburar kaza daga ciki, wadda ake kira bursa. Idan aka buɗe ɗan tsakon da cutar ta kashe akan tarar da jakar ta kumbura, wani lokaci da jini a cikinta. Wannan jaka, wadda mai fiɗar kaza yake yarwa tare da kayan ciki bai ko dube ta ba, ita ta warware babbar tambayar da ta dami Good.

A 1956 wani mai bincike, Bruce Glick, ya wallafa wani abu da ya gano bisa tsautsayi lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Jihar Ohayo. Ya cire wa wasu kaji bursa tun suna tsaki don ya ga me zai faru, bai ga komai ba. Sai abokin karatunsa Timothy Chang ya ari kajin don ya nuna wa ɗalibai yadda jiki yake ƙera antibodi bayan allura, amma mafi yawansu suka ƙi ƙerawa, kuma da aka duba sai aka ga waɗanda aka yi wa aikin ne. Binciken ya fito a wata mujallar masana kiwon kaji wadda likitocin mutane ba sa karantawa, ya yi shekaru a kwance.

Max Cooper, wani likitan yara da ya zo aiki ƙarƙashin Good, shi ya haɗa zaren biyu. Ya ɗauki 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe, ya cire wa wasu bursa, wasu taimos, ya haska su da haske mai ƙona ƙwayoyin jini domin ya share duk wata garkuwa da suka fito da ita daga ƙwai, sannan ya jira su girma. Waɗanda ba su da bursa ba su ƙera antibodi ba sam, amma jikinsu yana ƙin fatar da aka dasa musu. Waɗanda ba su da taimos kuwa suna da antibodi, amma ba sa iya ƙin baƙuwar fata. Sakamakon ya fito a 1965 da sunayen Cooper da Raymond Peterson da Good, kuma daga harafin farko na bursa da na taimos aka samo sunayen ƙwayoyin B da T. Mutum ba shi da bursa. Daga baya aka tabbatar cewa ɓargo ne yake yi masa wannan aiki.

Nan take cututtukan yaran suka sami fassara. Yaron Bruton ƙwayoyin B ne ba shi da su. Jariran da Angelo DiGeorge ya bayyana a wannan shekarar, waɗanda aka haifa babu taimos, ƙwayoyin T suka rasa. Akwai kuma waɗanda suka rasa aikin duka biyun, wato cutar da ake taƙaita sunanta da SCID, wadda a lokacin babu jaririn da yake tsira daga gare ta. Da ƙanjamau ya ɓulla a 1981, da wannan ilimi likitoci suka gane cikin ɗan lokaci wane ɓangare na garkuwa ne yake mutuwa a jikin majinyatan.

Dashen ɓargo na 1968

Idan duk rundunar daga ɓargo take fitowa, to jaririn da ɓargonsa ba ya samar da ita ana iya ba shi na wani. Tunanin mai sauƙi ne, amma haɗarinsa babba ne. A dashen ƙoda, jikin majinyaci ne yake ƙin baƙon abu. A dashen ɓargo lamarin yakan juye, domin garkuwar mai bayarwa ce ake shigarwa, kuma tana iya ɗaukar jikin jaririn gaba ɗaya a matsayin abokin gaba, ta far wa fatarsa da hantarsa da hanjinsa. Abin da yake rage wannan haɗari shi ne dacewar wasu alamomi da ke jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda suka bambanta da rukunin jini da kuma jinotayif ɗin da muka saba gwadawa kafin aure. Tsakanin 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu.

A 1968 aka kawo wa Good wani jariri ɗan wata biyar mai SCID, daga dangin da suka riga suka binne yara maza 11 saboda wannan cuta. Aka gwada 'yan'uwansa mata, aka sami wadda ta fi dacewa da shi, aka zuƙo ɓargo daga ƙashinta aka sa masa. Garkuwar yayar ta kama, amma ta juya ta far wa ɓargon jaririn har jininsa ya fara ƙarewa, dole aka sake dashe na biyu daga gare ta. Wannan karon ya miƙe, rukunin jininsa ma ya koma irin na yayarsa, ya girma har ya yi nasa iyali. Shi ne dashen ɓargo na farko da ya yi nasara tsakanin mutane biyu da ba tagwaye masu kama ɗaya ba. A cikin shekarar kuma Fritz Bach ya yi irinsa a jihar Wiskonsin ga wani yaro mai wata cutar garkuwa daban.

Ɓeran da aka shafa wa tawada

Labarin Good yana da tabo, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 1970 ya karɓi lambar yabo ta Lasker, a 1973 kuma ya zama shugaban cibiyar binciken ciwon daji ta Sloan-Kettering a birnin Niyok. Ya tafi da wani likitan fata, William Summerlin, wanda yake iƙirarin cewa idan aka ajiye fata a ruwan gwaji na wasu makonni ana iya dasa ta ga kowa jiki bai ƙi ta ba. Da hakan ya tabbata, da an huta da babbar matsalar dashe. Amma sauran masu bincike sun yi ta gwadawa abin ya ƙi. A watan Maris na 1974 Summerlin ya ɗauki baƙin alƙalami ya ƙara wa wurin dashen duhu a jikin fararen ɓeraye biyu kafin ya kai wa Good su. Wani ma'aikacin ɗakin dabbobi ya ga launin bai yi masa daidai ba, ya goga barasar asibiti, tawada ta fita.

Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan Summerlin, amma ya ga baiken Good kan saurin tallata sakamakon da ba a tabbatar ba da kuma ƙarancin sa ido. Masu kare shi suna cewa shi aka yaudara, kuma bai ɓoye lamarin ba da ya gano. Masu sukarsa suna nuni da cewa sunansa yana kan maƙalu fiye da 2,000, adadin da yake da wuya a ce mutum ɗaya ya bi diddigin kowanne. A ganina masu sukar suna da hujja mai ƙarfi, domin shugaban da yake karɓar yabon aikin na ƙasa da shi ya wajaba ya ɗauki nauyin tantance shi, sai dai wannan bai taɓa ingancin binciken kajin ko dashen 1968 ba, waɗanda aka maimaita a ƙasashe da yawa suka tabbata. Good ya bar Niyok a 1982, ya ƙarasa aikinsa a wani asibitin yara a jihar Filorida. Lambar Nobel ta 1990 kan dashen ɓargo Donnall Thomas aka ba, wanda ya yi nasa aikin a kan masu ciwon dajin jini.

Yaran da ba su da ɗan'uwan da ya dace

Nasarar 1968 ta bar mafi yawan jarirai a baya. Wanda duniya ta fi sani shi ne David Vetter, da aka haifa a birnin Hustan a 1971 aka saka shi cikin wani ɗakin roba da aka tace iskarsa, ana jiran a sami mafita. Shekara 12 ya yi a ciki, hatta mahaifiyarsa ta cikin safar roba take taɓa shi. A 1983 aka dasa masa ɓargon yayarsa duk da bai dace sosai ba, ashe akwai wani bairas a ɓoye cikinsa wanda ya haddasa masa ciwon daji, ya rasu a watan Fabrairun 1984.

Wata likita a Jami'ar Duke, Rebecca Buckley, tana cikin waɗanda suka toshe wannan giɓi. Tun daga 1982 take amfani da ɓargon uwa ko uba bayan an tsame ƙwayoyin T da suka balaga, waɗanda su ne masu far wa jikin jariri. A 1999 ta ba da rahoton jarirai 89, 72 daga ciki suna raye, kuma ta nuna cewa waɗanda aka yi wa dashe kafin su cika wata uku da rabi kusan dukkansu suna tsira, domin cututtuka ba su riga sun lalata musu huhu da hanji ba. Wannan ne ya sa aka matsa a riƙa gwada kowane jariri da ɗigon jinin da ake ɗauka a diddigensa. Jihar Wiskonsin ta fara a 2008, zuwa ƙarshen 2018 duk jihohin Amurka 50 sun bi sahu, kuma gwajin ya nuna cewa kimanin jariri ɗaya cikin 58,000 ne yake zuwa da cutar. Akwai kuma hanyar gyara ƙwayar gadon jaririn da kansa, wadda ta fara nasara a Faris a 2000, ta gamu da koma baya lokacin da yara biyar cikin 20 da aka yi wa a Faris da Landan suka kamu da ciwon dajin jini, sannan aka sake fasalinta.

Ina wannan ya shafi gidajenmu?

Bahaushe yana da suna ga matar da 'ya'yanta suke mutuwa suna ƙanana: ana cewa tana wabi, har akan sa wa wanda ya biyo baya suna irin su Ajuji ko Ayashe. Mafi yawan irin wannan rashi zazzaɓin cizon sauro ne da gudawa da tamowa da sikila suke jawo shi. Amma a cikin gidajen akwai ƙalilan da labarinsu yake kama da na dangin da suka je wurin Good: jariri ya zo lafiya, ya yi 'yan watanni lafiya saboda antibodin da ya samu daga uwa tun yana ciki, sannan ya shiga tari da gudawa da farin dabbare a baki wanda ba ya jin magani, ya daina ƙiba, gwajin ƙanjamau kuma ya nuna babu. Inda babu gwajin diddige, sunan limoniya ko gudawa ake rubutawa, a kuma maimaita da ƙaninsa.

Gadon yana bin hanya biyu. Wasu nau'o'in ta wajen uwa suke bi su bayyana a 'ya'ya maza kawai, ita kuwa lafiyarta ƙalau, kuma ba ta da laifi a ciki ko kaɗan, domin ita ma gada ta yi. Wasu kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da tangarɗar, kamar dai AS da AS a sikila, inda kowane ciki yake da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da tangarɗa iri ɗaya, shi ya sa aka fi ganin wannan nau'in a al'ummomin da suke yawan yin sa.

Batun rigakafi yana buƙatar a yi shi da hankali. Allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ake ba jarirai a Najeriya da Nijar suna ɗauke da ƙwayoyin cuta masu rai da aka raunana, waɗanda suke da aminci ga yaro mai cikakkiyar garkuwa amma suke iya zama cuta ga mai SCID. Wannan ba hujja ba ce ta ƙin rigakafi, domin jaririn da ba shi da garkuwa ba abin da yake kare shi daga ƙyanda kamar a ce duk yaran unguwarsu an yi musu. Abin da ake nema shi ne iyalin da suka taɓa rasa jarirai ta wannan siga su faɗa wa likita tun ana awon ciki, kafin ranar allurar farko.

Maganin jiƙo mai "ƙara garkuwa" kuwa ba shi da abin da zai yi wa yaron da ɓargonsa ba ya ƙera ƙwayoyin T, kamar yadda babu abincin da zai mayar wa ɗan tsako bursar da gumboro ta cinye. Mai tamowa abinci ne maganinsa, mai ƙanjamau magungunan da suke danne ƙwayar, wanda ba shi da antibodi ƙarin antibodi duk bayan mako uku ko huɗu har iyakar rayuwa, mai SCID kuma dashen ɓargo. An taɓa yin dashen ɓargo a Najeriya, na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011 ga wani mai sikila, amma tsadarsa da ƙarancin cibiyoyi sun sa ya fi ƙarfin yawancin iyalai, haka ma ƙarin antibodi. Abin da yake kusa da hannu shi ne ganewa. Gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da ake yi a kusan kowane babban asibiti yana iya nuna ƙarancin ƙwayoyin garkuwa a jikin jariri, kuma alamomin da likitocin fannin suke cewa a lura da su sanannu ne: ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara, limoniya sau biyu a shekara, wata biyu ana shan maganin kashe bakteriya babu sauƙi, maruru masu zurfi da suke dawowa, da rashin girma. Idan likita ya tambayi uwa ko akwai 'yan'uwanta maza, ko 'yan'uwan mahaifiyarta maza, da suka rasu suna jarirai, wannan zaren gadon yake bi, kuma amsar da za ta bayar tana iya sa a gwada jaririn tun bai cika wata uku ba.